Yadda Makafi Suka Sami Aiki a Masana'antun Amurka

A wannan karatu za mu ba ku labarin makafin ƙasar Amurka, da yadda su ke aiki a masana'antu. Masana'anta ita ce babban gidan aiki inda mutane da yawa su ke taruwa suna ƙera kaya da inji. Kowa yana da ɗan abin da ya ke yi, in lokacin biya ya zo a ba shi ladansa. A Amurka akwai masana'antu waɗanda yawancin masu aiki a cikinsu makafi ne. Suna yin tsintsiya, da katifa, da tufafin soja, da agogon bango, da biro, har da ƙarafan jirgin sama.

Wannan labari ya shafe mu, gama da wuya a sami garin da babu makaho a cikinsa. Idan yaro ya rasa idonsa, abin da ya kan fara zuwa ran iyayensa shi ne, da me yaron nan zai ci abinci in ya girma? Idan magidanci ne ya makance, sai a ce, wa zai ci da iyalinsa? To, ku saurara ku ji yadda waɗansu mutane suka amsa wannan tambaya, da wuyar da suka sha kafin su amsa ta.

Wa a ke kira makaho a can?

Ba kowane makaho ne ya ke cikin duhu ƙirin ba. Da yawa suna ganin haske, waɗansu suna ganin abu garara-garara. Saboda haka hukumar Amurka ta sa ma'auni. Abin da mai lafiyar ido zai gani sarai daga nisan ƙafa 200, idan wani ba ya ganinsa sai ya matso kusa, saura ƙafa 20, ko da ya sa tabarau, to, a wurin hukuma wannan makaho ne. Haka kuma wanda ba ya ganin gefe, sai abin da ke gabansa kurum, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Duk waɗannan suna cikin mutanen da mu ke ba ku labarinsu.

Mafarin abin

Kusa da birnin Boston akwai wata tsohuwar makarantar makafi mai suna Perkins. Malamanta suka ga yara suna gama karatu, amma in sun fita ba mai ɗaukarsu aiki. Sai a wajen shekarar 1840 suka buɗe ɗakin sana'a domin makafi. Daga nan waɗansu garuruwa suka yi koyi da su. Kafin a yi shekara 100, ɗakunan sana'ar makafi sun bazu cikin ƙasar. Yawanci tsintsiya su ke ɗaurewa, su ɗinka katifa, su saƙa kujeru da kwanduna.

Hannun makafin nan yana da kyau, amma akwai abin da ya dame su, watau kasuwa. Manyan masana'antu masu inji suna yin tsintsiya da yawa, suna sayarwa da araha. Makaho ya wuni yana aiki, kayansa su taru a ɗaki ba mai saye. Waɗansu mutane su kan saya don tausayi, amma cinikin tausayi ba ya daɗewa. Yau a saya, gobe a manta. Da shekarar 1929 ta zo kuwa, sai ciniki ya faɗi a Amurka duka. Masana'antu suka rufe, mutane miliyoyi suka rasa aiki. Inda mai ido ya rasa aiki, ina labarin makaho?

Dokar 1938

A lokacin nan akwai waɗansu mutane masu kula da sha'anin makafi a birnin Niyu Yok. Ɗaya sunansa Robert Irwin, shi kansa makaho ne tun yana yaro. Ɗaya kuwa Peter Salmon, shi ma ganinsa ba shi da ƙarfi. Suka yi tunani, suka ga ai gwamnati ita ce babbar mai sayayya a ƙasar. Tana da ofisoshi, da asibitoci, da barikin soja, da gidajen waya, ko'ina kuwa ana shara kowace rana. In gwamnati za ta riƙa sayen tsintsiyarta daga hannun makafi, ai kasuwa ta samu ke nan.

Suka kai maganar Majalisar Dokoki. Wakilai biyu suka tsaya musu, Sanata Robert Wagner da wata mace mai suna Caroline O'Day, dukansu daga jihar Niyu Yok. Majalisa ta yarda. Ran 25 ga watan Yuni, 1938, Shugaban ƙasa Franklin Roosevelt ya sa wa dokar hannu. Aka sa mata sunan wakilan nan biyu.

Ga abin da dokar ta ce. Ofisoshin gwamnati za su riƙa sayen tsintsiya, da tsumman goge daɓe mai doguwar ƙota, da sauran kayan da suka dace, daga ɗakunan sana'ar makafi. An kafa kwamiti wanda zai yanke kuɗin kayan daidai da yadda a ke sayarwa a kasuwa, kada a cuci gwamnati, kada kuma a cuci makafi. Ɗakin sana'ar kuwa lalle ya zama ba na neman riba ba ne, watau ba wani attajiri ne zai kwashe abin da aka samu ba. Akwai kuma ƙa'ida mai ƙarfi: cikin kowace awa 100 da aka yi ana ƙera kayan, lalle 75 su zama makafi ne suka yi aikin da hannunsu. An sa wannan ƙa'ida don kada wani mai wayo ya ɗauki makafi biyu ya ajiye a bakin ƙofa, ya ce masana'antarsa ta makafi ce.

A wannan shekara kuma aka kafa wata ƙungiya mai suna National Industries for the Blind, watau Masana'antun Makafi na Ƙasa. A taƙaice ana kiranta NIB. Aikinta shi ne ta karɓi odar gwamnati, ta rarraba wa ɗakunan sana'a, kowa gwargwadon ƙarfinsa.

Ba a daɗe ba, a shekarar 1941, Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Soja suka bukaci kaya masu ɗimbin yawa. Makafi suka duƙufa suna ɗinka rigunan matashin kai da katifu, suna ɗaure tsintsiya. Kayan suka yi kyau, suka iso a kan lokaci. Masu magana sun ce sai an gwada a kan san na ƙwarai. A shekarar 1952 aka ba kayan makafin nan tambari guda, mai suna SKILCRAFT, domin duk wanda ya gan shi ya san aikin wa ya saya.

Labarin biro

Cikin kayan SKILCRAFT, wanda ya fi suna shi ne wani ɗan baƙin biro, irin wanda a ke danna masa kai bakinsa ya fito. A shekarar 1967 wani kamfani ya kai wa gwamnati biro miliyan 13, aka duba aka ga ba su da kyau. Sai a shekarar 1968 aka ba NIB aikin, aka ce su kawo biro miliyan 70.

Kada ku zaci an sassauta musu don su makafi ne. Gwamnati tana da takarda mai shafi 16 wadda ta faɗi yadda biron zai zama. Lalle ya iya jan layi na tsawon mil guda ba tare da ya tsinke ko ya yi dabbare ba. Lalle ya yi rubutu cikin sanyin da ya wuce na daskarar da ruwa nesa, ya kuma yi rubutu cikin zafin da ya fi na tsakar ranar bazara. Biron makafi ya cika waɗannan sharuɗɗa. Aka riƙa haɗa shi a garuruwa kamar Greensboro da Milwaukee. Shekara fiye da 50 ke nan, soja da akawuna da ma'aikatan gidan waya na Amurka suna rubutu da shi. Da yawa cikinsu ba su ma san makafi ne suka haɗa shi ba.

Yaya makaho ya ke aiki da inji?

Wannan ita ce tambayar da kowa ya kan yi. Amsarta tana da sauƙi in mun lura da kanmu. Mace takan tuƙa tuwo da dare ba fitila. Manomi ya kan ɗaure akuyarsa cikin duhu. Mai saƙa ya kan yi hira da baƙo, hannunsa yana ta aiki, bai ko dubi zaren ba. Ashe aikin da hannu ya saba da shi, ido kaɗan ya ke taimakonsa. Abin da a ke yi a masana'antar makafi shi ne a shirya wurin yadda hannu da kunne za su tsaya a madadin ido. Ga hanyoyin da a ke bi.

Na fari, a kan rarraba aikin ƙanana-ƙanana. Ku ɗauki biro. Yana da gangar jiki kashi biyu, da bututun tawada, da 'yar murɗaɗɗiyar waya wadda ke mai da bakinsa ciki, da abin dannawa, da abin maƙalawa a aljihu. Kowane ɗaya yana da kwanonsa a kan tebur. Ma'aikaci ya san na dama, ya san na hagu. Yatsunsa su ke gaya masa in abu ya zauna daidai.

Na biyu, kome yana da wurin zamansa, ba a kuwa sake masa wuri. Wanda ya ɗauki almakashi ya mai da shi inda ya ɗauka. Ba a barin kwali ko waya a kan hanya. Ba a barin ƙofa rabi buɗe rabi rufe, gama ita ce mai fasa goshi. A waɗansu wurare a kan yi wa daɓe layi mai kaushi, domin ƙafa ko sanda ta ji shi, mutum ya bi har wurin aikinsa.

Na uku, a kan sa wa inji makari. A keken ɗinki a kan kafa ɗan ƙarfe a gefen allura. Mai ɗinki ya jingina bakin yadi da ƙarfen nan, ɗinki ya tafi sambal ba karkata. Akwai kuma abin da ke tsare yatsa kada allura ta same shi. Injin yankan ƙarfe ma haka, ana kewaye bakinsa, waɗansu kuwa ba sa tashi sai mutum ya danna da hannu biyu, domin a tabbata hannunsa ba ya ciki.

Na huɗu, akwai kayan aiki masu magana. Akwai ma'aunin da in ka auna kaurin ƙarfe zai faɗa maka da murya. Akwai kwamfuta wadda ke karanta wa mutum abin da ke rubuce a fuskarta. Mai ɗan sauran gani kuwa a kan ba shi gilashi ko na'urar da ke ƙara wa baƙaƙe girma. Akwai kuma rubutun makafi, wanda wani makaho ɗan ƙasar Faransa mai suna Louis Braille ya shirya, aka buga shi a shekarar 1829. Ɗige-ɗige ne masu tudu a kan takarda, ba sa wuce 6 a kowane gurbi, ana karanta su da kan yatsa. Da shi a kan sa wa akwatuna da maɓallan inji alama.

Shaida daga waɗansu wurare

Tun kafin dokar 1938, mai kamfanin motocin Ford, watau Henry Ford, ya sa aka ƙidaya irin ayyukan da ke masana'antarsa. Aka sami iri 7,882. Aka duba aka ce makaho zai iya yin 10 daga ciki. A littafinsa na shekarar 1922 ya ba da labarin wani makaho da aka sa ƙidayar kusoshi da noti a ɗakin ajiya, tare da masu ido biyu. Bayan kwana biyu sai shugaban wurin ya ce a mai da masu idon wani aiki, gama makahon yana yin nasa, yana kuma yin nasu.

Ku lura, a zamanin Ford ayyuka 10 kaɗai aka ga makaho zai iya. Da aka ci gaba da gyara kayan aiki, sai ƙofa ta yi ta buɗewa. A birnin Seattle akwai wata masana'antar makafi mai suna Lighthouse, wadda aka kafa a shekarar 1918. Tun wajen 1950 da 'yan kai ta fara yi wa kamfanin Boeing aiki, shi ne mai ƙera manyan jiragen sama. Ma'aikatanta suna yanka ƙarfe, su huda, su gyara shi daidai da awo. Cikinsu har akwai waɗanda ba sa gani, ba sa kuma ji. Da su a kan yi magana ta hanyar taɓa hannu. Aikin jirgin sama kuwa ba ya son kuskure ko na ƙwayar gero, gama ran mutane ne a ciki.

A birnin Shikago makafi sun daɗe suna haɗa agogon bango na ofisoshin gwamnati. A Kansas City suna yin kwalaben roba na zuba magani domin asibitocin tsofaffin soja. A shekarar 1971 wani Sanata mai suna Jacob Javits ya sa aka faɗaɗa dokar, ta haɗa da masu waɗansu irin naƙasa, ta kuma haɗa da ayyukan da ba na ƙira ba, kamar tsabtace ofis. A shekarar 2006 aka sake wa shirin suna, aka kira shi AbilityOne. Ƙungiyoyin da ke aiki tare da NIB sun kusa 100, makafin da ke aiki a cikinsu kuwa dubbai ne.

Rigimar lada

Kada mu ba ku labarin daɗi kaɗai, mu ɓoye sauran. A ranar nan ta 25 ga Yuni, 1938, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a wata doka dabam. Ita ce ta yanke mafi ƙarancin ladan da za a biya ma'aikaci, watau senti 25 a kowace awa. Amma cikin dokar an bar wata kafa. An ce mai naƙasa ana iya biyansa ƙasa da haka, in an sami izni. Waɗansu ɗakunan sana'a suka bi ta kafar nan, suka yi shekaru suna biyan makafi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Makafi ba su yi shiru ba. A shekarar 1940 suka kafa ƙungiyar kansu, mai suna National Federation of the Blind. Shugabanta na fari Jacobus tenBroek ne, makaho, masanin shari'a. Kukansu uku ne. Suka ce ladan ya yi kaɗan. Suka ce makaho ya kan tsufa a kan benci guda, shugabannin wurin kuwa kullum masu ido ne. Suka ce kuma bai kamata a ware makafi wuri ɗaya ba, a bar su su nemi aiki a kowace masana'anta kamar kowa. An daɗe ana wannan ja-in-ja. Sannu a hankali aka fara koya wa makafi aikin shugabanci, waɗansu suka zama manyan ma'aikata. A shekarar 2022 hukumar da ke lura da shirin AbilityOne ta hana biyan kowa ƙasa da mafi ƙarancin lada a kan aikin da a ke yi wa gwamnati ta hanyar shirin. Daga 1938 zuwa 2022 shekara 84 ke nan. Maganar ware makafi wuri ɗaya kuwa har yanzu ana muhawara a kanta.

Abin da za mu ɗauka

In mun duba labarin nan za mu ga abu uku ne suka haɗu kafin makaho ya ci abinci da guminsa: koyo tare da shirya wurin aiki, da mai saye tabbatacce, da lada na gaskiya. In ɗaya ya ɓace, sauran biyun ba su isa ba, kamar dai murhu ne mai duwatsu uku.

Mu ma nan ba baƙin abin ba ne. Tun kaka da kakanni an san makafin ƙasar Hausa da tufkar igiya, suna kuma da sarkinsu a manyan garuruwa, watau Sarkin Makafi. A shekarar 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, cikin jihar Filato ta yanzu. A watan Janairu na 2019 kuma aka sa hannu a wata doka a Nijeriya wadda ta hana nuna wa masu naƙasa bambanci. Ta ce hukumomin gwamnati su yi ƙoƙari su ba su kashi 5 cikin 100 na guraben aiki.

To, ba sai mun jira babbar masana'anta ba. Makarantar garinmu tana sayen tsintsiya. Masu dabbobi suna sayen igiya. Kowane gida yana bukatar tabarma da faifai da kwando. In akwai makaho mai wannan sana'a a garinmu, mu saya a wurinsa, mu biya shi kuɗin kasuwa. In kayan ba su yi kyau ba mu gaya masa gaskiya ya gyara, gama haka a ke yi wa kowane mai sana'a. Tela ko masaƙi ko mai injin niƙa, in an kawo masa yaro makaho, ya gwada shi tukuna kafin ya ce ba zai iya ba. Iyaye kuma kada su hana yaro taɓa kayan aiki don tsoro. A nuna masa da hannu, a ajiye kome wuri guda, a yi haƙuri da shi har ya saba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Tambayoyi

1. Me ya hana kayan makafin Amurka ciniki kafin shekarar 1938?
2. Me dokar 1938 ta umarci ofisoshin gwamnati su yi?
3. Don me aka ce lalle awa 75 cikin 100 su zama aikin makafi ne?
4. Ku faɗi hanyoyi huɗu da a ke shirya wurin aiki domin makaho.
5. Wane kuka makafi suka yi a kan maganar lada, a wace shekara kuma aka gyara?
6. Waɗanne kaya ne a ke saye a garinku waɗanda makaho zai iya yi? Wa zai riƙa saye a wurinsa?